Labbo da Filin da Aka Binne Tare da Shi

Da wannan damina da muke ciki Labbo ya cika shekara arba'in da ɗaya a ƙasa. Na san yawancin masu karanta wannan jarida ba su taɓa jin sunansa ba. Ko a nan Gusau, waɗanda suka san shi ido da ido tabarma ɗaya ta ishe mu, kuma rabinmu sai an ɗaga murya muke ji. Labbo ɗan kawuna ne, ubansa da uwata ciki ɗaya suka fito, wato taubashina. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, saboda haka tun muna yawo ba wando yake kirana bawansa, ni kuma nake kiransa Sarkin Jakai. Sunana Sanda. Ɗinki na yi har ido ya ƙi, yanzu jikata ce ke riƙe da alƙalami, ina faɗa tana rubutawa. Ta roƙe ni in taƙaita, na ce mata to.

Abin da ya tayar mini da zancen, kwanan baya wani saurayi ya zo ƙofar gidana a kan keke, daga ofishin da ke kula da itatuwan gari da wuraren shaƙatawa. Yaro mai ladabi, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya gaishe ni. Ya ce an gaya masa in yana son sanin mafarin aikinsu, ya nemi wani tsohon tela. Ya ba ni labarin abin da suke da shi yanzu, motar ban ruwa, da leburori masu kaki, da gandun da suke renon dashe, da furannin da suka shuka a shataletale. Sannan ya tambaye ni a wace unguwa ofishinsu na farko yake. Na ce masa ofishinsu na farko ƙafa huɗu gare shi, kuma in ka bi ta bayansa yana harbi.

Ga yadda abin ya faro. A lokacin Turawa ba su daɗe da zama ba, sai suka so a jera itatuwa a hanyar da ta tashi daga gari zuwa bariki. Aka ɗora wa En'e, wato hukumar gargajiya ta lokacin, En'e ta ɗora wa hakimi, hakimi ya ɗora wa mai unguwa, mai unguwa ya waiwaya ya ga Labbo. Labbo ya baro ƙauyenmu Rawayya da jakai biyu, yana ɗebo ruwa daga gulbi a tuluna yana sayar wa magina da masu rini. Tunda itace ruwa yake so, shi kuma yana da jakai, magana ta ƙare. Ba a tambaye shi ko yana so ba, kuma a zamanin ba a tambaya.

Sai mai karatu ya san cewa a wancan lokaci dasa itacen da ba a cin 'ya'yansa abin dariya ne. Itace na Allah ne, ka tarar da shi a gonarka ka bar shi, ko ka sare. Labbo kuwa sai ga shi yana kafa sanduna a ƙasa, don reshen ceɗiya in an yanko shi ba shi da bambanci da sandar kiwo, yana zagaya su da ƙaya, yana zuba musu ruwan da mutane ke saye. Ni na fi kowa jin daɗin abin. Duk wanda ya zo ɗinki sai na ba shi labarin ubangidana da ya girma da gemu yana shayar da sanda. Na ce jakansa sun fi shi hankali, don su in sun ga sanda guduwa suke yi. Shi kuma in ya biyo ta rumfata sai ya ce a gaya wa bawan nan ya daina ɓata wa mutane sawaye, riga ɗaya hannu uku.

Wasa-wasa aikin ya shiga ransa. Ya je Bunguɗu ya yanko rassan ceɗiya, ya je wajen duwatsun Tsafe ya ɗauko durumi, wani maharbi na Bilbis ya tara masa irin maɗaci. Tsamiya ce kaɗai ya ƙi, ko da an kawo masa ita kyauta. Ya ce uwaye ba sa barin 'ya'yansu zama a gindin tsamiya saboda tsoron iskoki, shi kuma ba ya dasa inuwar da yaro ba zai shiga ba. A lokacin ban gane inda ya dosa ba, don itatuwan hanyar bariki ba yara aka dasa wa ba.

Bayan ƙofar gari akwai wani wofintaccen wuri, rabi juji, rabi ramin da magina suka ƙwaƙule ƙasa. Duk reshen da ya rage daga aikin hanya, Labbo can yake kai shi. Bai jera su a layi kamar yadda Bature yake so ba, ya zagaya da su ne, ya bar tsakiya fili. Jujin ya kwashe da kwando ya cike ramin, ya daddaɓe. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya hana shi, don wurin ba shi da mai so. Shekara da shekaru yana fama da awaki. Kuma kada in yi masa ƙarya don ya mutu, Labbo mutum ne mai baƙar zuciya in aka taɓa dashensa. Ya taɓa kama akuyar mai unguwa da ganyen durumi a baki, ya ɗaure ta a ƙofar gidan mai unguwar, ya tsaya a gabanta yana yi mata faɗan da kowa ya san ba da ita yake ba. Ga rowar ruwa. Ka roƙe shi kurɓi ɗaya da rana tsaka, sai ya dubi tulu, ya dube ka, ya ce ai kai kana da ƙafar zuwa gulbi.

Da itatuwan suka haɗa kai, mutane suka zo da kansu. Tsofaffi masu dara ne suka fara, suka haƙa gurabunsu a gindin babbar ceɗiya ta gabas. Sai matan Fulani masu fura da nono suka ga ai ga inda za a sauke ƙwarya. Yara suka kawo langa, 'yan mata suka kawo gaɗa. Da kaka ta yi, mahauta suka ce nan za a yi dambe, manoman Ruwan Bore suka zo kokawa da makaɗansu, wata shekara har sharo aka yi, aka cika wurin maƙil. Ba a sa masa suna ba, kowa dai filin Labbo yake cewa. Da En'e ta ga haka sai ta ba shi riga da leburori biyu, aka ce shi ne mai kula da itatuwan gari da filin wasa. Na gaya wa saurayin nan mai keke, in yana neman ranar da aka haifi ofishinsu, to ranar da aka ba Labbo rigar nan ce, kuma ni na rage mata tsawo.

Shi kansa ba ya wasa. Bai iya dara ba, bai taɓa naɗa zare a hannu don dambe ba, in ana kiɗa ko kai ba ya kaɗawa. Nasa shi ne shara. Kullum da hantsi yana tsince ƙaya da tsakuwa daga tsakiyar filin, don masu langa ba takalmi suke yi ba. Bayan la'asar sai ya jingina da wani maɗaci, ya harɗe hannu, yana kallon yara da fuska a murtuke kamar mai jiran su yi laifi. Matarsa Hassi duk abin da ta haifa ya koma kafin yaye. Bai taɓa yi mini zancen ba, ni ma ban taɓa tsokanarsa ta nan ba, nan ne kawai wasanmu ba ya zuwa.

Wata rana da rani muka dawo daga jana'iza. Maƙabartar garin a lokacin tana ƙetaren wani rafi, da rani yashi ne kake takawa, da damina kuwa sai yadda ruwa ya ga dama. Muka biyo ta filin, ya ce in tsaya. Ya tambaye ni ko na tuna dandalin Rawayya, inda muka yi wasan ƙuruciya. Na tuna. Wani baƙon malami ne ya rasu a ƙauyen, mutane suka ce baƙo ne mai daraja, a sa shi a gindin durumin dandali, inuwar da ta fi kowace. Tun daga ranar kiɗa ya mutu a wurin, don ba mai buga ganga ko ya yi tsalle a kan kabari.

Sai ya ce, "Sanda, in Allah ya yi mini cikawa, kak ka bari a ruhe ni cikin hilin ga. Na san halin mutanenmu, cewa za su yi girmama ni suka yi. Ku ƙetare rahi da ni, ko bisa jaki na."

Na ce wa zai ɓata inuwa mai kyau da shi, ai bayan juji ma ya yi masa yawa. Ya yi dariya har da tari. Sannan ya kama hannun rigata ya ce, "Ba wasa nika yi ba." Na ce to me ya sa ba zai gaya wa yayansa Malam Barau ba, tunda shi ne babba a gidan.

Ya ce, "Ina ni ina zancen mutuwata gaban Yaya? Kai ɗai nika iya hwaɗa ma wagga magana."

Gaskiya ya faɗa, haka muke. Ƙane ba ya zama gaban wansa ya tsara yadda za a binne shi, kunya ba za ta bari ba, kuma za a ce yana yi wa kansa mugun baki. Taubashi ne kaɗai za ka iya gaya wa komai. Abin da ni da shi ba mu lissafa ba, taubashi ne kuma kaɗai mutumin da ba a ɗaukar maganarsa a kanka da nauyi.

Ya rasu da damina, a shekarun da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa garin nan. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, bai daɗe ba. An kwana ana ruwa, aka wayi gari ana yi, ya cika da hantsi. Ina kasuwa a kan ɗinki aka aiko mini. Kafin in iso gidan, Malam Barau da liman da mai unguwa sun riga sun yanke shawara. Rafi ya cika ya tumbatsa, ba mai ƙetarewa da makara. Filin Labbo kuwa tudu ne, ruwa ba ya kwanciya, kuma wa ya fi cancanta da inuwar nan in ba wanda ya shayar da ita ba? Kowa ya ce madalla. Aka ce mini masu haƙa sun tafi tun ɗazu.

Na ruga filin, na tarar sun fara a gindin babbar ceɗiya, dab da gurabun 'yan dara. Na ce su tsaya, ba nan za a sa shi ba, a ƙetare rafi da shi. Suka ɗago suka dube ni, wani ya yi murmushi da hawaye a idonsa, ya ce Allah sarki, bawa ya zo rakiyar ubangidansa. Al'adarmu ce, in mutum ya mutu abokan wasansa sukan zo su yi ta tsiya, su ce bai cancanci likkafani ba, su ce a yar da shi a daji, don a ɗan sassauta wa masu kuka. Abin da suka ɗauka nake yi ke nan. Na ce wallahi shi ya gaya mini. Suka ce ai kullum haka nake cewa. Shekara talatin garin nan yana jina ina cewa Labbo bai cancanci komai ba, yau kuma ga ni ina cewa kada a ba shi inuwa. Suka ci gaba da haƙa, ina magana suna gyaɗa kai.

Na koma gidan da gudu na sami Malam Barau a zaure. Mutum ne mai nauyi, kuma yana son ƙanensa, ban taɓa shakkar wannan ba. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Sanda, yau ba ranar wasa ba ta. Ka bar shi ya huta da bakinka." Na durƙusa a gabansa, abin da ban taɓa yi ba. Nan liman ya fara zargin ko da gaske nake, ya tambaya ko akwai wani wanda ya ji wasiyyar. Na ce a tambayi Hassi. Aka aika wata tsohuwa cikin gida, ta daɗe, don Hassi ba ta cikin hayyacinta. Da ta fito ta ce Hassi ta ce ya taɓa yi mata wani zance mai kama da haka.

Na ce a jira ruwa ya janye, rafin nan ba ya daɗewa da fushi. Liman ya ce gawa ba ta jira, kuma ba wanda ya san ko sama za ta ƙara. Ana cikin haka ɗaya daga masu haƙa ya shigo da laka har gwiwa ya ce an gama. Wani dattijo ya ce ba a haƙa kabari a bar shi da baki buɗe, ba kyau. Malam Barau ya dube ni, ba da faɗa ba, ya ce wannan shawarar 'yan uba ce, ni ɗan mace ne, in yi haƙuri. Da ni aka ɗauki makarar, ina ta gaba a hannun dama. Muka sa shi, muka jera itace, muka mayar da ƙasa. Da la'asar na gangara rafin ni kaɗai, na tarar ruwan ya sauka iya gwiwa.

Na yi ta gaya wa kaina kabari ɗaya ne, a gefe yake, a zagaye shi da ƙaya, wasa ya ci gaba a ɗaya ɓangaren. Ba a daɗe ba wata yarinya ta rasu a unguwar, cikin masu gaɗar filin. Rafi ya sake cika. Ubanta ya ce a sa ta kusa da Labbo, ta san inuwar, shi kuma ya san ta. Ina tsaye a wurin. Wa zai buɗe baki ya ce wa uban nan a'a? Ni ban iya ba. Kafin damina ta fita kaburbura sun yi layi, mutane suna cewa ai ya fi sauƙi da ƙetare rafi.

Da kaka ta yi, 'yan Ruwan Bore suka zo kokawa kamar yadda suka saba. Ina kallo makaɗinsu ya iso bakin filin, ya tsaya, ya dubi tudun ƙasar nan, ya mayar da gangarsa baya, ya juya. Sauran suka bi shi. Ba hakimi ya hana ba, ba liman ya hana ba. 'Yan dara suka kwashe 'ya'yan dararsu, masu nono suka koma bakin kasuwa cikin rana. Dambe ya koma kan yashin gulbi, daga baya ya koma cikin wani kewaye inda sai ka sayi tikiti. Leburorin nan biyu aka mayar da su aikin hanya. Jakan kuwa Malam Barau ya kai su Rawayya, can suka tsufa.

Hassi ta gama takaba, daga baya ta yi aure a Tsafe. Ta taɓa zuwa garin nan biki, ta ce in raka ta. Mata ba sa shiga maƙabarta, sai muka tsaya daga waje, a lokacin shingen ƙaya ne ba katanga ba. Ta daɗe tana kallon itatuwan. Abin da ta ce kawai shi ne, "Sanda, shirun ya yi yawa." Ita ma ta rasu tuntuni, Allah ya jiƙanta.

Nakan zauna in ce da Labbo zai leƙo yau, me zai ce? Motar ban ruwan nan na san za ta hana shi sukuni, zai bi ta a baya yana faɗa a kan ruwan da take zubarwa a kwalta. Itacen dogon yaro da ya cika gari yanzu, wanda a zamaninsa ba mu san shi ba, zai so shi, don yana saurin tashi kuma bai cika neman ruwa ba. Furannin shataletale kuwa zai tsaya ya yi ta kallo, sannan ya tambaya ta ina ake shiga a zauna, a ce masa ba a shiga. Akwai wurin shaƙatawa da aka yi can wajen gidajen ma'aikata, da lilo da kujerun siminti, an kai ni na gani, ya yi kyau. Amma yana da ƙofa da mai gadi, kuma yaron unguwarmu sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya kai. In ya nemi itatuwan da ya jera a hanyar bariki, ba zai sami ko ɗaya ba. An sare wasu da aka faɗaɗa hanya, an sare wasu saboda wayar lantarki, maɗatan kuwa masu magani suka yi ta saɓule musu ɓawo har suka bushe a tsaye.

Waɗanda suka rage su ne na filin. Suna nan duka, sun yi girman da mutum biyu ba sa rungume ɗaya, don ba mai shiga maƙabarta da gatari. Wannan ne abin da ya fi tsaya mini a rai. Da an bi maganarsa, wataƙila da tuni an raba filin an yi shaguna, itatuwan sun tafi murhu. Da aka ƙi bi, itatuwan suka tsira, aka rasa abin da aka dasa su dominsa. Na juya wannan lissafi shekara arba'in da ɗaya ban ga inda ya faɗi daidai ba, kuma ban sami wanda zan riƙe da laifi ba. Duk wanda ya sa hannu a haƙa ramin nan don ƙauna ya yi.

Saurayin ofishin nan ya gaya mini suna neman fili mai manyan itatuwa a cikin gari, su yi wa yara wurin wasa, sun rasa. Na ce ya tura kekensa ya biyo ni. Muka je muka tsaya a bakin katangar. Ya ɗaga kai yana kallon rassan, ya cire hula ya mayar, ya ce, "Baba, nan kam ba mu da iko." Na ce na sani, ni ma ban kawo shi don ya yi wani abu ba, na dai so wani daga ofishin ya gani.

Amma akwai abin da na nuna masa kafin mu rabu. Ta gabas, tsakanin katangar maƙabarta da kwalta, akwai wani ɗan siririn fili da ya rage daga filin Labbo, bai fi a shanya hatsin gida ɗaya ba. Da rana ba mai tsayawa a wurin. In la'asar ta yi, inuwar itatuwan sai ta haura katanga ta kwanta a kansa, yaran unguwa kuma su fito kamar an kira su. Ƙwallon tsumma suke bugawa, wani lokaci langa, 'yan mata na gefe suna tafa hannu. In ƙwallon ta faɗa ciki sai su yi cirko-cirko, ɗaya ya haura a hankali ya ɗauko, ya dawo, ihu ya ci gaba. Ba su san sunan Labbo ba. Nan nake kai kujerata kusan kullum, kuma duk abin da ya rage na mutumin nan a duniya, in ka tambaye ni, wannan 'yar inuwar ce da ke tsallako katanga.

To maƙabartar ta cika. Dattawan unguwa sun zauna sun yanke a matsar da katanga har bakin kwalta. Alhaji Garba, ɗan Malam Barau, shi ke jagorantar aikin, mutumin kirki, da aljihunsa yake yi. Ya zo har gida da mutanensa ya gaya mini, ya ƙara da cewa in lokaci ya yi, bayan rai mai tsawo, sun ajiye mini wurin farko a sabon ɓangaren, inda inuwar ceɗiyar Baba Labbo ke sauka, in yi maƙwabtaka da ɗan'uwana. Na ce masa a'a. Na ce kada su taɓa wurin, ni kuma su ƙetare rafi da ni, yanzu ai har gada akwai. Na ce ba na son kwanciya kusa da Labbo a wannan wuri.

Suka fashe da dariya. Alhaji Garba har da share hawaye, ya ce, "Kai, Baba Sanda, har yau ba ka bar wasa da Baba Labbo ba?" Suka yi mini sallama suka tafi suna maimaita maganar, suna jin daɗi.

An riga an sauke bulo a wurin, an ce magina na jiran ruwa ya ɗauke. Ba ni da sarauta, ba ni da ofis, ƙafata ma ba ta kai ni inda ake yanke shawara. Jiya da la'asar na ga yaran sun ɗauko bulo daga cikin tulin sun kafa raga da shi, suna ta murna an kawo musu abin da ya fi duwatsu.

Labbo mutum ɗaya ya ɗora wa wasiyyarsa, kuma ya zaɓi wanda ba za a yarda da shi ba. Ni shi ya sa na sa yarinyar nan ta rubuta, don duk wanda ya karanta ya zama shaida, ko da shaidar ba za ta tsayar da katanga ba. Allah ya jiƙan Labbo, ya sanyaya masa makwanci kamar yadda ya sanyaya wa 'ya'yan mutane. Ni kuma in tawa ta zo, a ƙetare rafi da ni, a bar wa yaran nan inuwarsu. Ba wasa nake yi ba.